Na biya kuɗin yashin teku, an aiko mini da na gulbi

Wata uku ke nan ina cizon yatsa a kan buhu guda mai nauyin kilo 20 da wani dillalin kayan kiwon kifi ya ɗoro mini a mota daga Legas zuwa Birnin Kebbi, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Ina kiwon kifin teku da murjani mai rai, wata halittar teku mai jiki kamar dutse, a cikin akwatin gilashi, abin da maƙwabtana ke ɗauka hauka ce mai tsada. A ƙarƙashin babban akwatin akwai ƙaramin tanki da masu harkar ke kira samf, inda ruwa ke gangarowa a tace shi kafin famfo ya mayar da shi sama, kuma a wani sashe na wannan tankin ne na yi niyyar shimfiɗa yashi.

Ban yi wa dillalin magana a dunƙule ba. Na ce ina son aragonait mai laushi, wato farin yashin da ke samuwa daga sinadarin kalsiyam kabonet, irin wanda murjani ke gina jikinsa da shi, domin in shimfiɗa shi da kaurin santimita 10 zuwa 15. Dalilin wannan kauri shi ne, a can ƙasan yashi mai laushi inda iska ba ta kaiwa sosai, wasu ƙwayoyin bakteriya suna mayar da sinadarin naitiret da ke taruwa daga kashin kifi ya zama iskar naitirojin, ta fice daga ruwan. Tsakuwar murjani mai manyan ƙwayoyi ba ta wannan aiki yadda ya kamata, sai dai ta riƙa tara datti a tsakaninta har ya ruɓe. Duk wanda ya ci kuɗin mutane da sunan wannan sana'a ya kamata ya san wannan bambanci kamar yadda mai sayar da hatsi ya san gero da dawa.

Da na kwance buhun, saman fari ne tas, sai na wanke na zuba, kuma a nan na yarda akwai nawa sakacin. Cikin mako biyu gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashin da duwatsun, ruwan ya ƙi washewa, murjanin da ke buɗewa kowace safiya ya tsuke jikinsa. Ma'aunin gishirin ruwan yana nan a kan 1.025 yadda ake so, zafin ruwan kuma ina tsare shi a digiri 26 da kuɗin man janareto, a garin da zafin Afrilu ke haura 40, saboda haka na san matsalar ba daga nan take ba. Wata rana na sa hannu na tona shimfiɗar, sai wani baƙin gurɓataccen ruwa ya taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, har uwargida ta leƙo daga tsakar gida tana cewa, "Malam, ɓera ne ya mutu a falon nan?"

Na ɗebi ragowar ƙasan buhun na zuba a faranti, na matsa masa lemun tsami. Aragonait na gaske yana kumfa da zarar tsami ya taɓa shi. 'Yan fararen tsakuwoyi ne kawai suka yi kumfa, sauran kuwa ko gezau, kuma da na murza shi a tafin hannu sai ya bar mini jar laka. Ashe tsakuwar murjani aka gauraya da yashin gini, aka yayyafa ɗan fari a sama don a rufe mini ido.

Na kira dillalin ina rawar murya, sai ya amsa mini cikin sanyi da cewa, "Ranka ya daɗe, yashi ai yashi ne." Wannan magana ta fi asarar kuɗin ƙona mini rai. Idan yashin gulbi nake nema, me zai kai ni Legas? Ga Matan Fada nan a Argungu, da jaki ɗaya zan kwaso abin da zai ishe ni shekara goma. Mutumin nan ɗan Arewa ne kamata, mun yi ciniki da Hausa, ya rantse mini da Allah a kan ingancin kayansa, amma ya dubi nisan da ke tsakaninmu ya tabbata ba zan biya kuɗin mota in zo in tsaya masa a ƙofar shago ba.

Na kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, na sauya ruwa sau huɗu da gishirin da shi ma sai an kawo shi daga kudu, duk da haka murjani biyu sun yi fari sun mutu. Yanzu tankin ƙasa ba shi da ko ƙwayar yashi, sai ciyawar teku da na bari tana tsotse naitiret a hankali. Buhun yana jingine a zaure, na aika masa da hoton farantin da lemun tsamin sau uku, ya buɗe saƙon ya gani, kuma tun ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.