ETAP ko CDEGS? Ga inda na tsaya kan manhajar zanen atin

'Yan uwa injiniyoyin wuta, wannan gardamar da ake ta yi kan wace manhaja ce ta fi wajen zanen atin na tashar wuta, wato haɗa kayan wuta da ƙasa don kare rai, bari in sa baki. Wasu sun ce in ba CDEGS ba to wasa ake, wasu kuma ETAP suka sani ba sa son jin komai.

Mu tuna me muke nema tukuna. Ba wai mu ga mita ta nuna om 1 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wucewar wuta) mu tafa ba. Abin da IEEE 80, wato ƙa'idar tsaron atin na tashar wuta, ya damu da shi shi ne in aka samu folt, wuta ta kauce hanyarta ta gangara ƙasa, mutumin da ya dafa shingen ƙarfe ko jikin transfoma, ko wanda yake takawa a filin ƙafafunsa a buɗe, zai tsira? Lissafin ma ana ɗaukar jikin mutum a om 1000, nauyinsa kilo 50 ko 70. Ran ɗan Adam ake aunawa, shi ya sa ba na son a maida maganar kamar gardamar ƙwallo.

ETAP tana da daɗin aiki, gaskiya. In dama a cikinta ka yi lissafin folt, sai ka wuce ɓangaren atin ɗin ka zana ragar tagulla da rodinanka da za a binne a ƙasa, ka zaɓi lissafin IEEE 80 ko wanda yake yanka ragar gunduwa-gunduwa, sakamako ya fito. Ga tashar kilovolt 33/11 mai kusurwa huɗu irin waɗanda suka cika garuruwanmu, ta wadatar, haka ma manhajar CYMGRD. Inda ETAP take tsayawa shi ne ƙasa hawa biyu take ɗauka, na sama da na ƙasa, shi ke nan.

To ƙasa kuwa ba ta bin wannan tsarin. Ka haƙa a wurare da yawa a Arewa za ka ga yashi a sama, sai marmara, sai laka mai damshi can ciki, wani wurin kuma ka ci karo da dutse. Anan ne CDEGS ta kamfanin SES na Kanada take nuna bambanci da ɓangarorinta: RESAP ya fassara maka awon ƙasa zuwa hawa da yawa, FCDIST ya gaya maka nawa ne daga wutar folt zai koma ta wayar kariya ta saman layi maimakon ya bi ƙasa, HIFREQ kuma don maganar tsawa. Wanda ya fi burge ni shi ne MALZ, saboda a babban fili kamar gonar sola ko tashar kilovolt 330, ba za ka ce duk ragar ƙarfin wutarta ɗaya ba ne daga wannan ƙarshen zuwa wancan, tagullar kanta tana cin wani abu, kuma manhajar da ta yi watsi da wannan za ta nuna maka wuri lafiya lau alhali ba haka ba ne. Matsalar CDEGS kuɗi, lasisi da kuɗin waje ake biya, ga wahalar koyo, ba abin da za ka ƙware a kai cikin mako guda ba ne. XGSLab ta Italiya ita ma tana yin hawa da yawa, tana bin IEEE 80 da ƙa'idar EN 50522 ta Turai, wanda zai sayi sabuwa ya duba ta kafin ya yanke.

Amma abin da yake ci mini rai daban ne. Sai ka ga rahoto mai kauri da zane masu launi, ka tambayi ina awon turjiyar ƙasar, a ce an sa om-mita 100 ne "kamar yadda aka saba". Haba malam! Ko kuma an yi awon ƙasar ta hanyar Wenner, wato an kafa sanduna huɗu, amma tazarar ba ta wuce mita 5 ba a filin da ya kai mita 80, kuma a tsakiyar Agusta ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Ka koma wurin nan a watan Maris ka ga yadda saman ƙasar ya bushe ƙamas, lambar awon ta tashi. Wace manhaja ce za ta gyara wannan? Ka ba CDEGS ƙarya, ƙarya za ta maido maka, sai dai ta fi kyan gani.

Gishiri da gawayin da ake zubawa a ramin rodi ma, suna sauke lambar ranar da za a zo dubawa, amma gishirin damina tana wanke shi, kafin nan kuma ya fara cin ƙarfen.

Sannan don Allah masu amfani da kwafin sata a aikin kwangila ku daina, ba ka san abin da aka taɓa a cikinta ba kuma kai ne ka sa hannu.

Ni dai ƙaramar tasha, ETAP ko CYMGRD, in bi sakamakon da lissafin hannu. Babban fili, ko awon ya nuna ƙasar ta rikice, a sa kuɗin CDEGS ko XGSLab cikin kwangilar tun farko, in ba hali a biya wanda yake da lasisi ya yi wannan ɓangaren. Kuma a ware kuɗin komawa fili bayan an binne ragar a auna ta da gaske, a zuba tsakuwa mai kauri a sama kafin a saki wuta.