Wuƙar cikin gilashi da wuƙar Baba

Makon jiya na kai maigidana baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Shi ya nufi wajen tsuntsaye, ni kuwa ƙafa ta ja ni rumfar wuƙaƙe. Wuri ne mai sanyin na'ura, ƙasa duk darduma, kowace wuƙa tana kwance kan ƙyalle mai laushi a cikin gilashi, ga fitila an haska mata sai ka ce amarya. Akwai na Solingen ta Jamus, akwai na Suwidin, ga kuma masu zanen igiyar ruwa a jikinsu da ake kira ƙarfen Dimashƙa. Iri biyu na ƙarfe ake naɗewa a yi ta duka, sannan a tsoma a asid zanen ya fito. Na da can ma, ainihin ƙarfen daga Indiya ake kawo shi, sunan kawai Dimashƙa ta ci.

Mai rumfar ya zaro ɗaya ya aske gashin hannunsa da ita. Ni ma ɗoki ya ɗebe ni, na nuna masa hoton wuƙar farautar Baba a waya. Ya duba, ya yi dariya, ya tambaye ni ko a bola aka tsinto ta.

Wallahi har yanzu maganar tana cina.

Ba zan yi musu ba, aikinsu akwai tsabta. Ƙarfen ya ratsa ƙota har gindi, an ɗaure shi da ƙusoshi, ba ta girgiɗi. Tamu kuwa ƙota kan kwance, damina ɗaya tsatsa ta kama ta. Amma me wuƙarsu take yanka? Shaho ne ke kamo hubara, wata 'yar uwar tuje, mutum ya sauko daga Land Cruiser ya yanka, ya goge, ya mayar akwati. Ta Baba da sifirin mota maƙerin unguwarmu ya ƙera ta, da zuga-zugi da gawayi, baduku ya ɗinka mata kube. Ta feɗe gada, ta sare ƙaya, ta fiƙe tsinken gashi, in ta dakushe kowane dutse a bakin rafi ya isa a wasa ta. Waccan ta gilashi, wadda kuɗinta ya fi albashina na wata, wa zai yarda ya goga ta a dutse?

Da daddare na kira gida. Na ce, "Yaya, don Allah a adana min wuƙar Baba, in na zo zan kai a sake mata ƙota." Ya yi shiru, sannan ya ce tana madafi ana fasa kabewa da ita, kuben kuma yara sun ɓatar. Na tambaye shi labarin maƙerin. Ya ce ai ya rasu tun bara, ɗansa yana Kano yana tuƙa Adaidaita Sahu, maƙerar kuma an mayar da ita shagon cajin waya.