"Ai Ba Ni Kaɗai Ba Ne"

Jiya da la'asar na bi ta gaban burtsatsen unguwarmu, na tarar da yara sun jera jarkoki, famfo ko ɗigo babu. Sati uku ke nan da injin ya ƙone. An yanka wa kowane gida naira 1,000, har yau ba a haɗa rabin kuɗin gyara ba. Na tambayi wani matashi da kullum a nan yake wanke babur ɗinsa, budar bakinsa sai ya ce, "Ai ba ni kaɗai ba ne ban bayar ba."

'Yan uwana matasa, wannan magana ita ke kashe mu. Da bashin mutum ɗaya ne a kansa, da ko ƙofar gidansa ba zai iya bi ba don kunya. Amma da yake haƙƙin jama'a ne, sai ya lulluɓa da taro, ya yi barcinsa. Mai adashi ya kwashe ya daina zubi: ba ni kaɗai ba ne. Mai juye shara a kwata, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinsa: ba ni kaɗai ba ne. Kuɗin data da na kallon ƙwallo kuwa ba a taɓa rasa su, haba!

Malamai sun karantar da mu fardu kifaya: idan wasu suka yi, an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ba raba zunubin ake yi kamar naman watanda ba. Ku tuna hadisin jirgin ruwa da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir: na ƙasa suka so huda wurinsu, in na sama suka zura ido, tare za su nutse.

Na sani, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An taɓa tara kuɗin taransifoma suka bi ruwa, tun daga nan kowa ya ƙulle aljihu yana jiran wani ya fara. Masu riƙon kuɗi su ji tsoron Allah. Amma cin amanar wani bai halatta maka shan ruwan da ba ka biya ba. Mu gyara.

Da can in aka kira gayya, sarkin samari ba ya bin gida-gida yana roƙo. Saurayin da bai fito da fartanyarsa ba, a dandali ma sai ya rasa inda zai sa kansa. Yau tsohuwa ce ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, ƙarti suna zaune a bakin titi suna kallonta.