Ruwa daga sama yake, amma madatsa mutum ne ya gina

A daren 10 ga Satumban 2023 guguwar Daniel ta zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a gabashin Libiya. Madatsun ruwa biyu da ke saman birnin Derna suka ɓalle, ambaliya ta kwashi unguwanni da mutanen cikinsu ta zuba a teku. Dubbai suka rasu. Kafin a gama haƙo gawawwaki, kanun labarai sun riga sun yanke hukunci: sauyin yanayi ne.

Ba ƙarya suka yi ba. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska kan riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan sama yake ƙara ƙarfi. Sai dai rabin zance ke nan. Tun shekarun 1970 aka gina madatsun nan, sun tsattsage, an yi shekaru ba a gyara ba, har wani masani ɗan ƙasar ya yi gargaɗi a rubuce a 2022. Ɗan jaridar da ya tsaya a kan sauyin yanayi kawai ya wanke waɗanda gyaran yake wuyansu, ko bai sani ba. Wannan yana ci mini rai, don mamatan sun cancanci a faɗi dukan abin da ya kashe su.

A dubi Bangladesh. Guguwar Bhola ta 1970 ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Daga baya aka shiga gina mafaka ta kankare a kan dogayen ginshiƙai, ƙasanta fayau ba bango, don igiyar teku ta ratsa ta wuce ba ta sami abin turewa ba. Ranar da babu guguwa, yara ne ke karatu a ciki. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfinta, waɗanda suka rasu a ƙidayar hukuma ba su kai 5,000 ba.

Injiniya da tsohon lissafin ruwan sama yake auna faɗin kwalbati da tsayin madatsa, kuma lissafin nan ya fara tsufa saboda sauyin yanayi. Shi ya sa gayyato mai musun ɗumamar duniya don a ce an ji ɓangarori biyu ba adalci ba ne, ruɗa magini ne.

Idan gini ya rufta, mai rahoto ya tambayi masana nawa zafin duniya ya ƙara wa ruwan. Sannan ya je ya nemi takardar izinin ginin, ya ga wa ya sa hannu, da kuma ranar da aka duba shi na ƙarshe.