Ba Kowane Mai Ƙoƙari Ne Likita Ba

An sallami yaro daga ajin likitanci bayan shekara uku, amma masu sharhi sun dage wai asiri aka yi masa. Asiri! Lallai kam, kuma a falon gidansu aka haɗa shi, ranar da Alhaji ya rantse sai an kira shi Baban Dokta.

Yaron da ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai, shi aka tura inda tun a aji biyu za a shimfiɗa masa gawa a teburi a miƙa masa wuƙa. Ina laifin a dubi yaron kafin a dubi kwas ɗin?

Ɓarnar ba a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, take farawa ba, tun daga shiga SS1 ne. Makaranta ta kwashi na ɗaya zuwa na goma ta zuba a ajin kimiyya, sauran kuma a watsa su ajin adabi da na kasuwanci kamar masu laifi. Ba wanda ya tambayi yaro me yake so. Daga nan ƙofa ta rufu. JAMB darasi huɗu ce, maki 400, Turanci tilas. Likitanci na neman Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya na neman Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Lauya sai da Adabin Turanci, kuma yawancin ɗaliban kimiyya tun SS1 suka ajiye shi. Wato yarinyar da Allah Ya hore wa iya magana da kafa hujja, tana shekara 14 aka toshe mata hanyar kotu, don kawai ta ci Lissafi.

Likitanci shekara shida ne. Aji ɗaya kusan maimaicin sakandare ne, mai hadda zai haye. Sai an shiga Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri sannan ake gane wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka turo. Wanda ya faɗi babbar jarrabawar wannan mataki zai sake, in ya kuma faɗuwa ya maimaita aji, daga nan sai a nuna masa wani sashe. Wanda ya gama ma akwai shekara guda ta horo a asibiti, da kwanan aiki, da kukan dangin majinyaci. Wannan aikin hali yake so, maki kaɗai ba ya riƙe mutum.

Na san za a ce yaro bai san ciwon kansa ba. To ku da kuka sani, ga sakamakon. Wasu kuma su ce sha'awa ba ta cika tukunya. Takardar kora tana cikawa?

Don Allah iyaye, abin ba wuya. Ku ɗauko sakamakon JSS1 zuwa JSS3, zango tara, ku ga darasin da yake ci ba tare da bulala ko malamin lesin ba. Ku lura da abin da yake yi in ba a sa shi ba: kwance rediyo, lissafin cinikin shago, zane, ko tara ƙanne yana koyar da su. In hutu ya zo, a haɗa shi mako biyu da mai irin wannan aikin, a gareji, kemis ko ofishin lauya. Mai son aikin hannu akwai kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB ta masu koyon sana'a, akwai foliteknik: ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, shekara guda a wurin aiki, babbar difloma (HND) shekara biyu. Ba zunubi ba ne.

Af, kuma ku daina bari mai cike fom a wurin rajistar JAMB ya zaɓa wa ɗanku kwas don layi ya yi tsawo. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ma a adana, kada Hajiya ta ba 'yar aiki ta tafi da shi ƙauye.