Manaja na kwana huɗu

Wata bakwai da gama bautar ƙasa, aikina bai wuce raka Umma Kasuwar Rimi ba. Ran nan da hantsi sai ga saƙo a WhatsApp daga lambar ƙasar waje, da hoton wata Baturiya tana murmushi har kunne. Wai kamfaninsu ya ga takarduna, za su ɗauke ni aiki daga gida. Takardun nan suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, amma ban tambayi inda suka gan su ba.

Aikin kuwa, in danna wa bidiyo uku alamar babban yatsa a YouTube, in ɗauki hoton fuskar waya in tura mata. Ba a yi minti goma ba sai ga alat na naira 1,500. Tsuntsu daga sama gasasshe! Da daddare na sayi tsire, na sanar da 'yan majalisa cewa daga yau Manaja za a riƙa ce mini.

Washegari ta jefa ni wani zaure a Telegram, kowa sai tura hoton alat yake yana godiya. Yanzu ina zargin rabinsu mutum ɗaya ne mai wayoyi da yawa. Aka kawo "aiki na musamman": ka zuba 10,000, a mayar maka da 13,000. Na zuba, aka mayar. Daga nan kwaɗayi ya karɓi sitiyari.

Zagaye na gaba 60,000 ne. Na lallaɓa wajen Umma, da yake a makon ta kwashi adashi.

"Umma, rance nake so, na ofis ne. Gobe zan dawo miki da su har da tukuici."

"Wane ofis? Wanda kake zuwa da gajeren wando a kan katifa?"

Ta dai ba ni, albarkacin ni ne auta.

Asusun da aka ce in tura kuɗin da sunan wani mutum yake, kuma ba shi ne na jiya ba. Na gani sarai, na kau da kai. Shafinsu ya nuna ina da 92,000. Da na zo cirewa, sai aka ce na yi kuskure a aiki, sai na biya 45,000 kafin a sake su. Na ce to a cire daga ciki mana. Wai dokar kamfani ta hana. Na tura wa Baturiya saƙon murya na minti shida, har da tarihin adashi. Kafin la'asar an kore ni daga zauren, hotonta ma ya ɓace.

Umma ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, ita tunda take ba ta taɓa jin inda ɗan aiki ke biyan ubangidansa albashi ba. Yanzu dubu biyar-biyar nake biyanta daga kuɗin lesin ɗin yaran maƙwabta.

Jiya ta ƙwala mini kira daga tsakar gida, ta miƙo mini wayarta. Baturiyar nan ce dai, da sabon suna.

"Manaja, ga shugabarka za ta ɗauke ni aiki. Ka faɗa mata kwasar adashin sai bayan Sallah."