Wutsiyar biri: abin da na gani Indiyawa suna yi da ƙananan yaransu

Jiya da daddare na shigo gida na tarar da yarana sun haɗa kai a kan wayar mahaifiyarsu, suna kallon fassarar fim ɗin Indiya. Na zauna a gefe na ce, to ku da kullum kuna Indiya, me kuka sani game da mutanen can? Na tsakiyan ya ce suna rawa a cikin ruwan sama. Ƙaramar ta ce ko an harbe su ba sa mutuwa. Babbar ce kawai ta yi shiru tana murmushi, domin ita ta taɓa zama a can, kuma na san abin da ta tuna. Wutsiyar biri ce. Ita ta jawo wannan dogon rubutu, sai ku yi haƙuri da ni.

Na yi shekara biyu ina karatu a wani gari da ke gefen Delhi, tare da iyalina. Muna zaune a irin dogayen benayen nan masu gida-gida, iyalai rututu, tsakar gida ɗaya. Wata rana da damina ta ja baya, sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda kowa ke kira Anti, ta ƙwanƙwasa ƙofa tana neman tsofaffin kwalaye. Maiɗakina ta ɗauka sayarwa za ta yi. Ashe kambin sarauta za a yanka, da takubba, da kawuna goma na wani mugun sarki mai suna Rabana. Lokacin Ramlila ya zo.

Ga wanda bai sani ba, Ramlila wasan kwaikwayo ne na labarin Rama, ɗan sarkin Ayodhya da aka kora daji shekara 14. Rabana ya sace masa mata, Sita, ya tsallaka teku da ita zuwa Lanka, shi kuma ya je ya ƙwato ta da taimakon rundunar birai ƙarƙashin Hanuman. A yawancin garuruwan arewacin Indiya kwana goma ake yi, a rufe ranar bikin Dusera da ƙona ƙaton mutum-mutumin Rabana. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2008. Amma ni ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda Anti ta raba aiki. Duk yaron da ya iya tafiya da ƙafarsa sai da ya samu abin yi. Manyan suka ɗauki Rama da Sita da Lakshman, ƙanin Rama. 'Yan shekara uku da huɗu, waɗanda ko sunansu ba su gama iya faɗa ba, aka shafa musu jan kwalli a baki, aka ɗaura musu wutsiyar igiya, suka zama birai. Aikinsu ɗaya: su kwaso matasan kai daga wannan kusurwa su jera su zuwa waccan, wai suna gina gadar da za a bi a haye teku. Wani ɗan duma-duma ya gaji a tsakiyar aiki ya kwanta a kan gadar. Babu wanda ya tsawata masa. Aka yi dariya, runduna ta kewaye shi ta wuce.

Masu kallo ma ba a bar su sun zauna shiru ba. Da aka zo wurin da Lakshman ya ja layi a ƙasa ya ce wa Sita kada ta ƙetare, sai Anti ta tsayar da wasa, ta juyo ga yaran da ke zaune ta ce, "Ta ƙetare ko kada ta ƙetare?" Wuri ya kaure da ihu, kada, kada! Wata yarinya har ta taso da gudu ta riƙe hannun mai fitowa a Sita. To ina tambayarku, wannan yarinyar za ta taɓa manta labarin nan? Ko ta kai shekara saba'in, a jikinta yake.

'Yata tana da shekara biyar a lokacin, kuma ta kafe sai an ɗaura mata wutsiya. A nan na shiga tsaka mai wuya, kuma gara in faɗi gaskiya tun kafin masu sharhi su riga ni. Ramlila a wurin mabiya addinin Hindu ibada ce. Ana buɗe shi ana rufe shi da kewaya fitila a gaban waɗanda suka fito a matsayin abin bautarsu. Na samu Anti na ce mata mu Musulmi ne, yarinya za ta taya shafa fenti a kwali, za ta kalla daga gefe, amma ba za ta shiga ba. Na shirya jin ɓacin rai. Sai ta yi dariya ta ce ai wanda ke ɗaura mutum-mutumin Rabana na unguwar ma Musulmi ne. Daga baya na gane haka abin yake a wurare da dama, iyalan Musulmi ne suka gaji wannan sana'a ta gora da takarda. Mu da fim ya raine mu mukan manta cewa ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170.

Bayan 'yan makonni Anti ta sake ƙwanƙwasa ƙofa, da wutsiya a hannu. Ta ce wannan karon tatsuniya za a yi, babu fitila babu gunki. Labarin biri da kada ne, inda matar kada ta matsa wa mijinta sai ya kawo mata zuciyar abokinsa biri. Da suka kai tsakiyar kogi ya faɗa masa gaskiya, sai biri ya ce, kash, ai da ka faɗa tun farko, na baro zuciyar a kan bishiya. 'Yata ce biri. Kujerar roba ce bishiya. Ina zaune ina kallo sai na ji labarin nan ba baƙo ba ne a kunnena. Ashe daga Panchatantra yake, tarin tatsuniyoyin da suka bi ta Farisa har Ibnul Muƙaffa ya mayar da su Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, littafin da ɗaliban Larabci a ƙasar nan suka sani. A na Larabcin kunkuru ne ya maye gurbin kada. Wato mun daɗe muna shan tatsuniyar Indiya tun kafin a gina silima a Kano.

Wanda yake son ganin inda wannan al'ada ta kai maƙura, sai ya nufi Ramnagar, tsallaken kogin Ganga daga birnin Baranasi. Can wata guda cur ake yi, kwana 31, tun ƙarni na 19 a ƙarƙashin kulawar gidan sarautar garin. Babu dandamali ɗaya. Garin gaba ɗaya ne filin wasa: nan Ayodhya, can daji, can gaba Lanka, jama'a na bin 'yan wasa a ƙafa daga wuri zuwa wuri. Ba a amfani da lasifika, da fitilun lantarki na zamani ma ba a damu ba. Mutane na riƙe da littafin waƙen Tulsidas, wanda ya rubuta a ƙarni na 16 da harshen Awadhi da talaka ke ji, suna bin baiti-baiti. Su wa ke fitowa a manyan gurabe biyar, har da na Sita? Yara maza waɗanda gemu bai fito musu ba. Dattawa masu furfura su ɗauke su a kafaɗa don kada ƙafarsu ta taɓa ƙasa. Al'umma ta ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinta ta damƙa a hannun yara.

Bukukuwan cikin gida ma haka suke tafiya. A Diwali, bikin fitilu, yaro ne zai jera 'yan fitilun yumɓu a bakin ƙofa, ya taya uwarsa zana ado a ƙasa da garin launi. A kudancin ƙasar, lokacin Nabaratri, ana jera 'yan tsana a kan matakala, yara su riƙa zagaya gidajen maƙwabta, a ce su yi waƙa, a ba su dafaffen wake. Wanda ya fi burge ni na Kerala ne: ranar ƙarshe ta wannan biki ake ɗora yaro a cinya, a kama yatsansa a rubuta harafin farko a cikin farantin shinkafa. Da na ji wannan sai na tuna ranar da aka kai ni makarantar allo, malam ya rubuta mini Bisimilla, aka raba waina.

Kuma abin yana aiki, shaida tana nan. Daga 1845 Turawan Ingila suka fara kwasar Indiyawa zuwa tsibirin Tirinidad da ke yankin Karibiyan don aikin rake, har zuwa 1917. Jikokinsu yawanci ba sa jin Hindi yanzu, Turanci suke yi, amma har gobe suna Ramlila a fili. Harshe ya tafi, wasa ya zauna. A birnin Lesta na Ingila, inda da yawa suka sauka bayan Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda a 1972, bikin Diwali na titin Belgrave yana cikin mafi girma a wajen Indiya. Ba malamin jami'a ne ya riƙe musu wannan ba. Irin su Anti ne, da kwali da almakashi.

Kada wani ya ce na sha ruwan Indiya na dawo ina yabon komai. Akwai abin ƙi. A Ramnagar 'ya'yan Barahmin, wato dangin da ke saman jerin dangogin Hindu, su kaɗai ke hawa waɗannan manyan gurabe, ɗan talakan da aka haifa a ƙasan jerin dangi sai dai kallo, 'ya mace kuwa ba a maganarta. Daren Diwali a Delhi hayaƙin wasan tartsatsin wuta yakan turnuƙe gari har numfashi ya gagara. Mun kwana da tawul jiƙaƙƙe a ƙasan ƙofa saboda tarin yarinya, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta sha sa baki a kan lamarin. Sannan labarin Rama ɗin nan da yara ke wasa da shi, 'yan siyasa sun mayar da shi makami, kuma Musulmin ƙasar sun ɗanɗana kuɗarsu a kansa. Wanda ya san yadda aka rushe Masallacin Babri a Ayodhya a 1992 ya san me nake nufi. Duk na san wannan. Amma laifin babba ba ya goge dabarar da ke cikin abin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu. Tun wajen shekarun 1960 muke kallon Indiya. Mun kwaso rawa da waƙa, mun kwaso soyayyar mutum uku, mun kwaso har salon kiɗa muka zuba a finafinanmu. Amma wannan abu na ba yaro gurbi a cikin labari, ba mu gan shi ba, domin kyamara ba ta shiga tsakar gidan Anti. Abin haushi kuma, ba ma buƙatar aro. Muna da tashe. Daga goma ga azumi yaro zai liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya dogara sanda ya zama tsoho. 'Yan mata su ɗauki ƙwarya su yi Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure tun ba su san mene ne shi ba. Masu gida su amsa waƙa, su yi dariya, su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano Nalako ya bi gwagware da ganga. Wane darasi ne ba a ciki? Rowa, ƙazanta, malamin da ya saki layi, mijin da ba ya cefane, duk yara sun taɓa su, kuma babu mai fushi domin wasa ne.

Yau fa? 'Yan daba sun shiga rigar tashe, har an sha hana shi a Kano saboda tsaro. Ban ga laifin mai hanawa ba idan wuƙa ta fito. Amma mu iyaye, da aka hana na titi, wa ya hana mu na tsakar gida? Indiyawan Lesta ba su da kogin Ganga, ba su da giwar sarki, ɗakin taro suke haya. Mu kuwa muka miƙa wa yaro waya muka ce ya zauna shiru kada ya dame mu. Makarantun kuɗin da muke biya kuma, in ranar al'adu ta zo, sai a sa wa yaro babbar riga da rawani a tsayar da shi a ɗauki hoto. Bai ce uffan ba, bai taka rawar kowa ba. An yi masa ado kamar ɗan tsana an mayar da shi gida.

Wani zai ce to me ya kai mu koya wa yara al'adar Indiya? Ai sun riga sun shiga, tun da ga su can a kan waya. Tambayar ita ce wacce Indiyar za su sani. Ni dai na gwammace ɗana ya san cewa ƙasa ce mai harsuna 22 a tsarin mulkinta, da Hindu da Musulmi da Sikh da Kirista, ya san me suke yi da dalilinsa, ya kuma san inda shi zai tsaya, da a bar shi da mutanen da harsashi ba ya kashewa.

Daren jiyan dai na karɓe wayar. Aka yi ta ƙunƙuni. Babbar ta shiga ɗaki ta ɗauko igiyar shanya ta ɗaura wa ƙaramar a ƙugu, ta sa na tsakiyan ya kwanta rub da ciki a kan tabarma ya zama kada. Ni aka ba ni matar kada, na yafa ɗankwalin uwarsu ina nishi ina cewa sai zuciyar biri. Da muka kai tsakiyar kogi, babbar ta tsayar da mu kamar yadda Anti ke yi, ta ce, "To biri, me za ka ce masa?" Ƙaramar ba ta taɓa jin labarin ba. Ta yi shiru, ta kalli yayanta da ke kwance, ta ce, "Zan faɗa wa Umma."